Ki Koyi Cewa A'a Kafin Ki Shiga Ɗakin Jarrabawa

A saurara, a kuma shaida. Ni, tsohon malamin tarihi a wannan gari na Potiskum, wanda ya karantar da tashin dauloli da faɗuwarsu har alli ya cinye masa yatsu, ina shelanta wa gabas da yamma, kudu da arewa, cewa daga yau na yi murabus daga mulkin filas ɗin shayina, jan nan mai murfin da ba nasa ba. Ba a ci ni da yaƙi ba, talakawa ba su yi mini bore ba, ni ne da kaina na sallama. Yana cikin jakarki, tsakanin dambun naman da mahaifiyarki ta ƙulle da littafin nan naki mai kaurin bulo. Sarakunan da suka bar gadon mulki don raɗin kansu an rubuta su a tarihi, ban ga dalilin da za a tsallake ni ba. Abu ɗaya za ki kiyaye: murfin sai an ɗan mayar da shi hagu kafin a juya shi dama. Kowace daula da sirrinta.

Bayan wannan, wanda shi ne mafi girma, sai abin da ya kamata in fara da shi. Assalamu alaikum wa rahmatullah, Uwata. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa motar da kika hau ta sauke ki Abuja lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masu hanya, ya sa ki iske Gwaggonki da iyalinta cikin ƙoshin lafiya. Da bakina ya kamata in faɗa miki abin da ke cikin takardar nan, amma kin san yadda al'adarmu ta tsara tsakanin uba da 'yar fari: in ya buɗe baki zai yi mata maganar zuci, sai ya ji kansa yana tambayarta ko an ba awaki ruwa. Alƙalami kuwa ba shi da kunya.

Bari in ajiye maganar a fili, don kada mu yi ta zagaya ta kamar mai tallan da ya ga kare a ƙofar gida. Za ki sake zama jarrabawar shaidar ƙwarewa kan tafiyar da manyan shirye-shirye. Bara kin zauna, ba a dace ba. A wurin aikinki na Damaturu sun ce kujerar shugabar shiri taki ce in kin kawo shaidar nan kafin kwantiraginki ya ƙare, in kuwa ba ki kawo ba za su ɗauko wani daga waje, ke kuma ki tattara. Na kuma ji, ta bakin mahaifiyarki, wadda ita ce gidan rediyon da ba ya ɗauke wuta, cewa kin ce in kika sake faɗuwa kin haƙura da wannan hanya gaba ɗaya. Saboda wannan maganar na ɗauki alƙalami. Ba ni da ilmin sana'arki. Abin da nake da shi rumbu ne cike da kurakurai, na kuwa lura cewa wasunsu kin gada tun ina da rai, wanda ko a shari'a bai halatta ba.

Na farko ƙarami ne, bari mu sallame shi da wuri. Lokacin da na zauna jarrabawar ƙarin girma ta malamai, na shirya mata kamar wanda zai yi muhawara da malaman duniya. Na karanta tarihin makarantu tun daga tsangayun Borno har zuwa na Girkawa. Abin da ban taɓa buɗewa ba shi ne tambayoyin shekarun baya, domin a ganina wannan aikin masu neman gajeriyar hanya ne. Ranar jarrabawa aka tambaye mu yadda ake tsara darasi guda. Na ba su asalin kalmar darasi, da yadda ta yi ƙaura daga Larabci, da ra'ayina a kan lalacewar zamani. Ina shirin shiga ainihin tambayar aka ce a ajiye alƙalami. Abokan zamana da suka amsa abin da aka tambaya aka ƙara musu girma, ni kuma aka bar ni da girman da na zo da shi daga gida. Saboda haka, Uwata, littafin nan mai kauri ya ishe ki haka, kin karanta shi har ya fara gane ki. Sauran lokacinki ki ba tambayoyin gwaji. Ki zauna gaban kwamfuta tsawon da za ki zauna ranar, ba tashi, ba waya, agogo yana tafiya. Wadda kika faɗi kada ki wuce ta da cewa kuskure ne kawai, ki tsaya ki binciko abin da ya ja hannunki zuwa amsar da ba ita ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na gani da idona a tsakar gidan nan makon jiya, ranar da kika ba ni takardun gwajinki kika ce in karanto miki tambayoyi ki amsa. Kin tuna na gyara zama, na sa tabarau, na karanto da muryar da nake karanta sakamakon ƙarshen zango. Tambayar ta ce an ɗora ki kan shiri mai ayyuka da yawa, sai babban mai ɗaukar nauyin shirin ya ba da umarni a ƙara wani aiki da zai karkatar da komai daga manufar da aka amince da ita. Me za ki fara yi? Kika zaɓi cewa za ki aiwatar da umarninsa, ki san yadda za ki matse sauran ayyukan su ba shi wuri. Na duba bayan takarda, amsar ita ce ki auna illar abin, ki koma masa da ita a fili, ki kai maganar gaban kwamitin da ke da hurumin yanke hukunci.

Na ce, "Me ya hana ki zaɓi wannan?"

Kika ce, "Na gan ta, Baba. To, ai babba ne."

Na ce, "Babba a ina? Mutumin nan ba shi da uwa ba shi da uba, a takarda aka haife shi, a takarda zai mutu!"

Kika ce, "Ko a takarda ne, ai kai ka ce ba a mayar wa babba magana."

Mahaifiyarki tana tsince shinkafa a gefe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "To, Malam, ga shukarka ta fito, sai ka nemo lauje."

Na yi dariya a lokacin, amma da na ci gaba da karantowa sai dariyar ta ƙare. Duk tambayar da ta shafi lissafi, ko jadawali, ko ma'anar kalma, kina cinye ta tun ban rufe baki ba. Wadda kuwa aka sa wani babba a cikinta, ko wani labari mara daɗi da za a kai, nan za ki karkace. Ashe ba ilmi ne ya kayar da ke bara ba, ladabi ne. Ladabin nan kuwa na san masaƙarsa, ni na saƙa shi. Don haka ki saurari yadda irinsa ya yi da ni.

Ba ki riski Baffa Jauro ba, ƙanin kakanki, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Shi ne farkon wanda ya ajiye sandar kiwo a zuriyarmu ya zauna a gari, ya zama falken shanu a kasuwar nan tamu. Wata shekara, ina sabon malami, hutun ƙarshen shekara ya zo daidai da ciwon ƙafa da ya kwantar da shi. Akwai wani mai saye a kudu da suka yi alkawari zai kai masa bijimai kafin bikin ƙarshen shekararsu, lokacin da nama ke daraja a can. Baffa ya kira ni ya ce tunda ni ne mai boko, in tsaya a kan lamarin. Ayyuka uku ne. Ɗansa Hammadu zai zaga ƙauyuka ya sayo bijiman. Wani aminin Baffa a Mamudo zai turke su ya ciyar da su harawa da dusa su murje. Sai Ba Modu, direban tirela, abokin Baffa tun suna samari, wanda zai ɗauke su. Ni ba ni da ko ɗaya daga cikin ukun. Nawa shi ne in ga sun haɗu. Yau da na leƙa littafinki na gane cewa a shekarar nan ni manajan shiri ne, sai dai babu wanda ya gaya mini, ni ma ban gaya wa kaina ba.

Hammadu ya yi nasa, ya sayo bijimai masu ƙashi. Mutumin Mamudo ya yi nasa, har sai da doronsu ya fara rawa in suna tafiya. Na je wajen Ba Modu in ji ranar lodi, sai na iske motar a gareji, an sauke injinta an baje shi a kan tabarma kamar kayan lefe.

Na ce, "Ba Modu, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, ɗan Fulani. 'Yar gyara ce. Kai dai je ka ka ƙirga wutsiyoyinku, mota ba saniya ba ce da za ka gane ciwonta."

Na ce, "Za ta tashi kafin ranar?"

Ya ce, "In Allah ya so. Kada ka tayar wa Jauro hankali yana kwance."

Ni ba makanike ba ne, amma ko makaho ya shafa tabarmar nan ya san motar ba ta da niyyar tafiya kudu a watan. Na dawo gida bayan la'asar, na durƙusa gaban Baffa. Ya ce, "Usmanu, ina labari?" Me kike tsammani na ce? Abin da kowane ɗa mai tarbiyya a ƙasar nan zai ce. Na ce, "Sai alheri." Ya ce, "Mota fa?" Na ce, "Ana kan shiri, Baffa." Ban yi ƙarya ba, kin gani, ana kan shirin. A zuciyata ina cewa ba zan ƙara wa majinyaci ciwo ba, ba zan kuma kai ƙarar sa'an ubana ba, kamar in ce dattijo bai san motarsa ba. Kullum sai in leƙa gareji in ga injin yana nan a shimfiɗe, kullum sai in dawo in ce sai alheri. Har hannu na sa ina miƙa wa makanikai sifana, ina ganin ai ina taimakon lamarin. A kwanakin nan kuwa kowace tirela mai lafiya a garin nan wasu fatake suna kama ta ɗaya bayan ɗaya.

Motar Ba Modu ta tashi, ta kuma tashi da kyau, ban taɓa jin inji mai daɗin sauti irin nata ba. Sai dai bikin kudu ya riga ya wuce. Mai saye ya nemi wani falken, bai kuma sake neman Baffa ba. Harawar Mamudo ta ƙare, bijiman suka fara mayar da abin da suka ci. Ki duba abin mamaki: mai sayowa ya sayo, mai kiwo ya kiwata, mai gyara ya gyara. Kowa ya ci jarrabawarsa. Shirin ne kawai ya mutu, a hannuna, cikin ladabi.

Baffa bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya sa aka tayar da shi zaune, ya dube ni ya ce, "Yaushe ka ga injin a ƙasa?" Na faɗa masa. Sai ya ce, "Usmanu, ƙafata ce ke ciwo, ba kunnena ba. Da ka faɗa mini a ranar, daga kan gadon nan zan aika a kama mini wata mota, Modu kuma ba zai ji haushi ba, mun fi haka da shi. Ka ji kunyata, ka bar ni na ji kunyar duniya."

Ga nasihar, ki riƙe ta da hannu biyu. Gaisuwa daban, rahoto daban. "Sai alheri" amsar gaisuwa ce, kada ki kai ta ofis, kada kuma ki kai ta ɗakin jarrabawa. Labari mara daɗi kamar nono yake, da safe ana iya sha, in ya kwana biyu a ƙwarya sai dai a zubar. Babban da kika ɓoye wa matsala ba girmama shi kika yi ba, kin ƙwace masa damar yin abin da girman nasa zai iya ne. A jarrabawarki, duk inda kika ga amsar da ke cewa a yi shiru a lallaɓa, ki tuna da injin Ba Modu a kan tabarma. Ki nemi amsar da ke cewa a bincika, a auna, a sanar da wanda abin ya shafa, a bi ta ƙofar da aka tsara. Ba rashin kunya ake nema a wurinki ba. Ana iya durƙusawa har ƙasa a ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba, ga dalili." Durƙuson na al'ada ne, maganar ta amana ce, ba sa korar juna.

Abin takaicin shi ne, ni da aka yi wa wannan darasi, da na haife ki sai na koya miki durƙuson na manta da maganar. In kin ce "to" in sa miki albarka. In kin fara "amma, Baba" in ɗaga gira. Na ɗauka ina gina 'ya ta gari, na kuwa gina, Allah shaida ne. Sai dai na gina ɗakin ban fitar masa da taga ba.

Akwai ta biyunta, 'yar uwar wannan. A tambayoyin nan, duk lokacin da aka ce wani manajan aiki da ke ƙarƙashinki ya makara, amsarki ita ce ki karɓi aikin ki yi da kanki. Wannan ma na san inda kika samo shi. Kina ƙarama in an raba muku aikin gida, ƙannenki su gudu ƙwallo, ke ki share nasu ki wanke nasu don kada a yi faɗa, ni kuma in tsaya a tsakar gida in yi huɗuba a kan cewa Uwata ta fi su duka. Ga sakamakon nan muna gani: ƙaninki Sadiƙu ya kai shekarun aure bai san inda tsintsiya ke kwana ba. Ni ma sifanar da na riƙa miƙa wa makanikai irin wannan ce, na bar aikina na kama na wani don in ji ina da amfani. Makiyayi ba ya cin ciyawa a madadin saniya. Nasa shi ne ya san inda ruwa yake, ya san wadda ke ɗingishi, ya ga garken ya isa tare. In kika sunkuya kina yi wa mutum ɗaya aikinsa, wa ke duba sauran? Masu jarrabawar nan abin da suke son gani ke nan, ko kin san bambancin mai aiki da mai haɗa ayyuka. Ki tambayi wanda ya makara abin da ya tsare shi, ki cire masa ƙayar, ki duba wane aiki ne jinkirinsa zai taɓa, ki bar masa tsintsiyarsa.

Yanzu sai gwaji na zahiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gwaggonki ƙanwata ce, ciki ɗaya, ina ƙaunarta, saboda haka ina da lasisin faɗar gaskiya a kanta. Ba za ki kwana biyu ba za ta gano cewa Allah ya aiko mata da mai hankali har gida. Za ta ce ki raka ta kasuwa ki taya ta zaɓen atamfa. Za ta ce ki duba wa yara aikin makaranta. Akwai kuma bikin 'yar maƙwabciyarta, wanda in ba ki je ba wai za a ce 'yan Potiskum girman kai gare su. Hutun da kika ɗauka zai narke kamar ƙanƙara a hannun mai talla. To, ga babba na gaske, mai rai, ba na takarda ba. A kanta za ki fara. Ki gaishe ta, ki rage murya, ki ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba zan samu zuwa ba sai na fito jarrabawa." Za ta riƙe haɓa ta ce, "Iye, boko!" Za ta kira ni ta kai ƙara. Ki bar ni da ita, na tanadi jawabi. In kika iya wannan sau ɗaya ba ki mutu ba, mutanen takarda ba za su ƙara ba ki tsoro ba.

Sauran ƙananan abubuwa kin fi ni saninsu, amma uba ba ya barin magana don an san ta. Ki je ki ga wurin jarrabawar kafin ranar, ki san motar da ke zuwa da irin cunkoson hanyar, Abuja ba Potiskum ba ce da za ki tsayar da mai Keke ki ce ya kai ki bayan gidan wane. Ki tabbatar sunan da ke katin shaidarki shi ne wanda kika yi rajista da shi, harafi da harafi. Jajibirin ranar kada ki buɗe sabon babi. Kada ki ci abin da cikinki bai sani ba. Tambayar da ta ƙi ki, ki yi mata alama ki wuce, kya dawo, ba a tsayar da garke saboda saniya ɗaya ta ga inuwa. Ki yi sallarki, ki yi addu'arki, sannan ki karanta kowace tambaya har ƙarshenta, musamman inda aka ce me za ki fara yi. Sau da yawa amsoshin duk masu kyau ne, ana neman wadda ke gaba ne.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi sabo, shi ne kuma wanda ya fi ci mini rai. Bara, tun ba ki shiga ɗakin jarrabawa ba, na riga na ci miki ita a majalisarmu ta ƙofar Alhaji Maina. Kin san Alhaji Maina, Babarbaren nan, bawana tun kakanni a wasan Fulani da Barebari, wanda shi kuma yake iƙirarin wai ni ne bawansa. Ya cika mu da labarin ɗansa injiniya, ni kuwa na ga Fulani ba za su zauna a wulaƙance ba. Na miƙe na yi bayanin jarrabawarki, na ce daga ƙasar waje ake tsara ta, na ce masu cinta a jihar nan ba su cika tabarma ba, na faɗi har ranar. Daga nan kowa ya koma kiranki Manaja. Kika dawo da labarin da ba mu so ba, kika tarar gari na jiranki da barka. Na ga yadda kika daina bin ta ƙofar Alhaji Maina, kina zagayawa ta bayan masallaci da rana tsaka. Na ga kin daina zuwa sunan dangin mahaifiyarki a Fika. Faɗuwa ɗaya kika yi, ni na mayar da ita ta kowace gaisuwa. Ba ki ce mini komai ba, da yake ba a mayar wa babba magana. Da kin ce, "Baba, ka cuce ni," da ya fi mini sauƙi, da kuma gaskiya kika faɗa.

Saboda haka ina ganin ba jarrabawar kike tsoro ba, dawowar kike tsoro. To, ki ji daga bakin wanda ya ɗora miki kayan: ki sauke. Wannan karon babu mai jiranki a tasha sai mu. In kin ci, mun gode Allah. In ba ki ci ba, kujerar Damaturu ta tafi, zai yi zafi, ba zan ce miki sai alheri ba. Amma kujera ce ta tafi, ba ke ba. Abin da kika iya na haɗa mutane da ayyuka babu kwamfutar da za ta ƙwace shi, ɗakinki yana nan, ƙofar jarrabawar kuma ba a toshe ta da siminti ba. In kika ce za ki bar hanyar don kin auna kin ga ba ta yi miki ba, zan sa albarka. In kuwa don kunyar mutanen majalisa ne, ban yarda ba, domin kunyar tawa ce, ba ta cikin gadonki. Kina kuma da izini, a rubuce, ga shi a hannunki: duk abin da na faɗa a takardar nan da kika ga ba daidai ba, ki kira ni ki ce, "Baba, a'a." Zan ji zafi, zan yi tari, zan kawo misali daga daulolin da suka shuɗe. Ki tsaya a kan bakanki.

Allah ya buɗa miki ƙirji, ya kaifafa basirarki, ya sanyaya miki zuciya a lokacin da agogo ke gudu. Allah ya sa abin da kika karanta ya zo miki a lokacin da kike nemansa. Ya tsare ki a zamanki, ya tsare ki a fitarki, ya dawo mana da ke lafiya ko da wane labari. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki ci abinci. Ki gaishe da Gwaggonki da maigidanta da yara.

A ƙarshe, adalci ya wajabta in sanar da wani hukunci. Yau da hantsi, bayan motarki ta tashi, na biya ta majalisa. Alhaji Maina ya ce, "Kai bawana, ina 'yar taka ta nufa da jaka?" Na yi niyyar in ce ziyara. Wallahi na yi niyya. Sai na ji bakina yana cewa, "Abuja, kan wani babban al'amari da ya fi ƙarfin fahimtar Barebari." Ban faɗi jarrabawa ba, ban faɗi rana ba, amma kotu ta duba ta ga an leƙa ta katangar laifi. Kotun, wadda ni ne alƙalinta, ni ne mai gabatar da ƙara, ni ne kuma wanda ake tuhuma, ta ci ni tarar goro biyu, fari da ja, a miƙa wa Alhaji Maina a gaban jama'a ba tare da bayani ba. Ta kuma yanke cewa har ranar da za ki fito daga ɗakin nan, zan zauna a majalisa baki a rufe, ko da ya sake cewa kakanninsa ne suka koya wa Fulani kiwo. Na nemi sassauci, an hana. Ki taimaki tsoho ki gama da wuri.

Wassalam.

Mahaifinki,
Malam Usmanu